Labarin Jak Kusto, Sarkin Nutso

A kudu maso yammacin ƙasar Faransa, kusa da birnin Bodo, akwai wani ɗan gari da a ke kira San Andire. A nan aka haifi Jak Kusto ran 11 ga watan Yuni, 1910. Ubansa lauya ne, yana yi wa wani attajiri Ba'amurke aiki, saboda haka iyalinsa ba su cika zama wuri guda ba, yau suna nan, gobe suna can. Jak ya tashi siriri, marar ƙoshin lafiya, mai yawan ciwon ciki, har likitoci suka hana shi wasanni masu wuya. Amma ruwa bai taɓa ba shi tsoro ba, gama tun yana ɗan shekara 4 ya iya iyo.

Cikin 1920 suka ƙaura zuwa birnin Niyok na Amurka. Da lokacin hutu ya zo aka kai shi wani sansanin yara a bakin tafki, a jihar Bamont. Wani malami ya sa shi aikin tsamo rassan itatuwa da suka nutse a gindin tafkin, don kada su ji wa masu wanka ciwo. A nan ya fara koyon riƙe numfashi da buɗe ido cikin ruwa. Bayan sun koma Faransa ya tara ɗan kuɗinsa ya sayi na'urar ɗaukar majigi yana da shekara 13. Kafin ya ɗauki hoto ko ɗaya da ita, sai da ya kwance ta ya ga abin da ke ciki, sa'an nan ya mayar. Karatu kuwa bai dame shi ba. Har an kore shi daga wata makaranta saboda ya farfasa gilasan tagogi da jifa, aka kai shi wata inda horo ya ke da tsanani, can ne ya natsu ya yi ƙoƙari.

Cikin 1930 ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa a Birest. Ya zaga duniya cikin jirgin koyon aiki, ya dawo da niyyar zama matuƙin jirgin sama na sojan ruwa. Amma ta mutum ba ta yi sai ta Allah. Wata rana da dare cikin 1936 yana tuƙi a kan wata hanya ta cikin duwatsu, sai mota ta kife da shi, hannuwansa duka biyu suka karye. Ɗaya ya ƙi warkewa, likitoci suka ce a yanke, shi kuwa ya ƙi. Ya yi watanni yana fama kafin yatsunsa su fara motsi. Zancen tuƙin jirgin sama dai ya ƙare ke nan.

Aka tura shi Tulon, tashar jiragen yaƙi ta bakin Bahar Rum. A can ya gamu da wani hafsa mai suna Filif Tayez, wanda ya ba shi shawara ya riƙa iyo kullum don hannuwansa su yi ƙarfi. Wata rana Tayez ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Duk wanda ya taɓa buɗe ido cikin kogi ya san ba a ganin kome sai dishi-dishi, domin idon mutum sai da iska a gabansa ya ke gani sosai. Tabarau ɗin nan yana tsare 'yar iska tsakanin ido da ruwa. Da Kusto ya sa shi ya tsoma kai, sai ga duwatsu da ciyayi da kifaye tar, kamar an yaye labule. In ya ɗaga kai ya ga gari da mutane suna harkokinsu, in ya sunkuya ya ga wata duniya dabam wadda ba wanda ya kula da ita. Tun daga ran nan hankalinsa ya koma ƙarƙashin teku. Cikin 1937 ya auri Simon Malkiyo, 'yar wani tsohon hafsan sojan ruwa. Ba da daɗewa ba suka sami aboki na uku, Firedirik Duma, gwanin kamun kifi da mashi. Su uku ɗin nan suka zama kamar 'yan uwa.

To, abin da ya dame su shi ne numfashi. Mai nutso, ko cikin Sarkawa ne, galibi bai fi ya yi minti biyu ko uku ba ya taso. Wani zai ce ai sai a kama dogon kara mai rami a baki a riƙa shaƙar iska daga sama. Wannan ba ya yiwuwa, ga dalili. Ruwa yana da nauyi, yana danna duk abin da ke cikinsa ta kowane gefe. Iskar da mu ke zaune cikinta ma tana danna mu, sabo ne ya sa ba mu ji. In mutum ya nutsa mita 10, watau wajen gaba biyar da rabi, dannin da ke kansa ya ninka na bisa tudu sau biyu. A mita 20 ya zama sau uku, a mita 30 sau huɗu. Ko zurfin mita guda ma ya isa ya hana ƙirji buɗewa ya jawo iska ta cikin kara. Dole ne iskar da za a ba mai nutso ta zo da ƙarfi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi.

Mutanen da sun san haka, sun kuma yi dabararsu. Wajen 1840 wani maƙeri mai suna Ogastas Sibe, Bajamushe mazaunin Landan, ya kyautata wata riga ta nutso wadda aka yi fiye da shekara 100 ana aiki da irinta. Riga ce ta zane mai kauri haɗe da roba, ta rufe jiki duka. A kai a ke ɗaura babban kwalkwali na jan ƙarfe mai tagogin gilashi, a ɗaure shi da kusoshi a wuyan rigar. Takalman na dalma ne, a kuma rataya wa mutum wata dalmar a ƙirji da baya don kada iskar cikin rigar ta taso da shi. Kayan duka sun kai nauyin ƙaton mutum. Daga kwalkwalin wata doguwar mesa ta tafi har cikin jirgi, inda mutane ke juya famfo ba hutawa. Da irin rigar nan aka gina ginshiƙan gadoji da tashoshin jiragen ruwa, aka kuma tsamo dukiya daga jiragen da suka nutse. Amma mai ita yana ɗaure ne kamar akuya a turke. Tafiya ya ke yi a ƙasa da ƙyar, yana ta da laka, ransa kuwa yana hannun masu famfo. Cikin 1926 wani hafsan Faransa mai suna La Firiya ya fito da tulun ƙarfe wanda mai nutso zai ɗauka da kansa. Sai dai iskar tana zuba ne ba tsayawa, mutum yana daidaita ta da hannu, nan da nan ta ƙare.

Kusto ya gwada abin da ya samu duka. Ya sa wani maƙerin bindiga na jirginsu ya haɗa masa wata na'ura da tulun iskar oksijin zalla da robar cikin tayar babur. Ya nutsa da ita wajen mita 14, sai jikinsa ya kama karkarwa kamar mai farfaɗiya, ya suma. Allah ya sa ya sami kwance dalmar ɗamararsa kafin hankalinsa ya gushe, ya taso, aka tsamo shi. Ya gyara ya sake gwadawa, abin ya sake faruwa. Nan ya tabbata oksijin zalla, wadda ta ke rayar da mutum a tudu, dafi ce in an yi zurfi. Sai dai a koma ga iskar nan ta kowa da kowa.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, Jamusawa suka ci Faransa cikin 1940. Man fetur ya yi wuya ƙwarai, har mutane suka koma tuƙa mota da gas irin na dafa abinci. Surukin Kusto yana cikin manyan wani kamfani mai suna Air Liquide, masu sana'ar cusa iska iri iri cikin tulunan ƙarfe. Ta hanyarsa Kusto ya tafi Faris cikin watan Disamba, 1942, ya gana da wani injiniyan kamfanin mai suna Emil Ganyan. Da ya gama bayyana masa abin da ya ke nema, sai Ganyan ya ɗauko wata 'yar na'ura da ya ƙera don motocin nan masu gas, wadda ba ta sakin gas sai inji ya ja. Abin da Kusto ya yi shekaru yana nema ke nan.

Ga yadda ta ke aiki. Wani ɗan gwangwani ne, girmansa kamar agogon tebur, an raba cikinsa biyu da faifan roba. Ta gefe ɗaya ruwa yana shiga ya danna faifan, ta ɗaya gefen kuwa iska ce. In mai nutso ya ja numfashi, iskar gefen nan ta ragu, sai ruwa ya tura faifan ciki, faifan ya taɓa wani ɗan ƙarfe, ƙarfen ya buɗe bakin tulu, iska ta fito. Da ta cika daidai da ƙarfin ruwan, sai faifan ya koma wurinsa, bakin tulu ya rufe. Watau ruwan da kansa shi ke auna iskar da za a ba mutum, kome zurfin da ya kai, ba kuwa a ɓarnatar da ita.

Cikin watan Janairu, 1943, suka tafi kogin Marn a bayan birnin Faris, ana tsananin sanyi, Kusto ya shiga. Muddin yana kwance cikin ruwan yana iyo, numfashi lafiya lau. Da ya miƙe tsaye sai iska ta yi ta kwarara ba tsayawa. Da ya juya kai ƙasa kuma sai ta ƙi zuwa sai da ƙyar. Suka kamo hanyar gida ransu a ɓace. Tun ba su isa ba suka gane inda matsalar ta ke. Gwangwanin yana bayan mutum, mafitar iskar da aka fitar kuwa tana wajen bakinsa, tsakaninsu bai fi taƙi guda ba. Amma ko wannan ɗan bambanci na zurfi ya isa ya rikita awon. Sai suka ƙara mesa ta biyu, wadda za ta ɗauki numfashin da aka fitar ta mai da shi baya, ta sake shi dab da faifan robar. Shi ke nan, magana ta ƙare. Wannan ne dalilin da ya sa kayan nutso na farko su ke da mesa biyu masu kauri, ɗaya ta kafaɗar dama, ɗaya ta hagu, su haɗu a baki.

Cikin watan Yuni na shekarar nan aka aiko masa da sabuwar na'urar cikin akwati zuwa garin Bandol, inda su ke zaune. Tuluna uku ne a jere, da gwangwanin a bisansu. Da sassafe suka tafi wani lungu na bakin teku inda ba kowa. Duma ya tsaya a gaɓa cikin shiri, Simon ta kwanta bisa ruwa da tabarau tana duban mijinta, don in ta ga alamar wahala ta yi kira. Kusto ya nutsa da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya yi gaba, ya yi baya, ya yi alkafura, ya tsaya da ka a kan yatsa guda, iska kuwa tana zuwa yadda ya so. Ba igiya, ba mesa zuwa sama. Kafin kaka ta yi sun yi nutso wajen sau 500. Suka ɗauki majigin jiragen da suka nutse. Da ya ke fim ɗin majigi ya yi wuya saboda yaƙi, sai su sayi gajeru na ɗaukar hoto, Kusto da matarsa su shiga cikin bargo inda ba haske su yi ta liƙa su ɗaya bayan ɗaya.

Sabuwar hanya ba ta rasa ƙaya. Cikin watan Oktoba, 1943, Duma ya nutsa mita 62, ya ji kansa yana juyawa kamar mashayi, yana jin daɗi ba dalili. Iskar da mu ke shaƙa, kashi huɗu cikin biyar nata wata iska ce da a ke kira naitirojin. A tudu ba ta kome, amma a zurfi tana sa maye, har mutum ya manta inda ya ke. Tana kuma narkewa cikin jini, in mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa cikin jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo ta kan yi in an buɗe ta farat ɗaya. Kumfan nan yana sa ciwon gaɓoɓi mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Saboda haka mai nutso ya kan taso sannu sannu, yana tsayawa a hanya. Bayan yaƙi sojan ruwa suka kafa musu ƙungiya a Tulon cikin 1945, suka yi ta kwashe nakiyoyin da aka bari cikin teku. Cikin 1946 Kusto da Duma suka kusa halaka cikin wani kogon ruwa a Bokulus, domin injin da ya cika musu tuluna ya zuƙi hayaƙin kansa ya haɗa da iskar. Cikin 1947 kuma abokin aikinsu Moris Farg ya kai mita 120, ya sa hannu a kan allon da aka ɗaura a igiya don shaida, amma aka jawo shi ba rai. Daga nan suka bar tseren zurfi.

An fara sayar da na'urar a kasuwa cikin 1946. A ƙasashen masu jin Ingilishi aka sa mata suna Aqua-Lung, ma'anarsa huhun ruwa.

Cikin 1950 wani attajirin Ingila mai suna Ginis ya sayi wani tsohon jirgin share nakiyoyi mai suna Kalipso, ya ba Kusto haya a kan faran guda a shekara, watau kyauta ke nan a fakaice. Simon ta sayar da kayan adonta aka sayi mai. Ita ce ta fi kowa daɗewa cikin jirgin nan, tana lura da ma'aikata kamar uwa. Suka tafi Bahar Maliya cikin 1951. Cikin 1952 suka tsamo dubban tuluna daga wani jirgin fatake da ya nutse kusa da Marsai fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kusto da Duma suka rubuta littafi a kan duniyar ƙarƙashin teku cikin 1953, aka juya shi cikin harsuna da yawa. Majigin da ya biyo baya cikin 1956 ya ci babbar kyauta a Faransa da Amurka. Amma akwai abin zargi a cikinsa, gama an nuna mutanen Kalipso suna fasa dutsen murjani da nakiya don su ƙidaya kifayen da suka mutu, suna kuma karkashe manyan kifaye ba gaira ba dalili. A lokacin yawancin mutane ba su ga laifin haka ba. Kusto kansa daga baya ya juya wa irin wannan aiki baya.

Cikin 1957 ya bar aikin soja, aka ba shi shugabancin gidan nazarin teku na Monako. Sai ya shiga tunanin ko mutum zai iya zama cikin teku kwana da kwanaki. Cikin 1962 mutum biyu suka yi mako guda cikin wani ɗaki na ƙarfe a zurfin mita 10 kusa da Marsai. Cikin 1963 ya kafa ɗan ƙauye sosai a Sha'ab Rumi, cikin Bahar Maliya, arewa da Bur Sudan, watau tekun nan da alhazan ƙasar Hausa masu bin ƙasa su kan ƙetare zuwa Jidda a zamanin da. Babban ɗakin yana da wurin kwana da wurin dafa abinci, ƙofarsa kuwa a ƙasa ta ke, a buɗe, ƙarfin iskar ciki ya hana ruwa shiga. Mutane suka yi kwana 30 a ciki, har da aku, domin tsuntsu ya kan riga mutum jin iska in ta ɓaci. Cikin 1965 mutum 6 suka yi mako uku a zurfin mita 100.

Daga 1968 aka fara nuna tafiye-tafiyen Kalipso a talabijin, duniya duka ta san siririn dattijon nan mai jar hula. Jar hular ma gado ce daga masu kwalkwalin jan ƙarfe, su ne su kan sa irinta. Amma da ya riƙa komawa wuraren da ya sani tun yana saurayi, sai ya tarar kifaye sun ragu, ruwa ya ƙazantu. Tun cikin 1960 ya tsaya ya hana a zubar da dattin nukiliya cikin Bahar Rum. Cikin 1973 ya kafa ƙungiya don kiyaye teku. Cikin 1990 ya ɗauki yara 6 daga nahiyoyi 6 ya kai su Antatika, ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, don ya tuna wa shugabanni masu gadonta. Cikin 1991 ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar hana haƙar ma'adinai a can.

Ƙarshen rayuwarsa ya sha baƙin ciki. Ɗansa Filif, wanda ya ke sa ran zai gaje shi, ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Fotugal cikin 1979. Simon ta rasu cikin 1990. Kalipso kuma wani jirgin kaya ya buge ta ta nutse a tashar Singafo cikin 1996, ko da ya ke an tsamo ta. Kusto ya rasu a Faris ran 25 ga watan Yuni, 1997, yana da shekara 87, aka kai shi garin haihuwarsa aka binne.

Masu nutso na yanzu galibi da na'ura mai mesa ɗaya siririya su ke aiki, faifan robar yana dab da baki. Suna da agogo mai nuna sauran iska, da riga mai hurawa wadda ke daidaita nauyinsu. Na farko ba su da ko ɗaya. Sai mutum ya auna dalmarsa daidai tun daga tudu, ya riƙa hawa da sauka da cikar huhunsa. In ya ji numfashi ya fara wuya, ya san tulu ya kusa ƙarewa, sai ya buɗe 'yar ajiyar da aka tanada ya kamo hanyar sama. Har wa yau akwai dattawa a Turai da Amurka masu tara tsofaffin na'urorin nan, su sake musu roba, su kai samari tafki marar zurfi su koya musu. Su kan nuna musu a ɗaura gwangwanin ƙasa ƙasa tsakanin kafaɗu, kusa da huhu, don numfashi ya yi sauƙi. In ruwa ya shiga mesa, sai a karkata ta hagu a hura shi waje. Masu ɗaukar hoton kifi suna sonta ƙwarai, domin kumfan numfashi ta bayan kai ya ke fita, ba ya tare ido. A garin Sanari, maƙwabcin Bandol, akwai gidan ajiye kayan nutso na da, wanda aka sa wa sunan Duma. A Sha'ab Rumi kuwa rumfar ƙarfen da aka kafa cikin 1963 tana nan a gindin teku, murjani ya lulluɓe ta, kifaye suna shiga suna fita.